Gambo Muhammad

Gambo Muhammad (an haife shi a Kano a shekarar 1988) tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya wanda ya buga wasa a matsayin ɗan wasan gaba. Ya shafe kimanin shekaru 13 a ƙungiyar Kano Pillars, daga 2006 zuwa 2019, kuma ya riƙe muƙamin kyaftin ɗinta a shekarunsa na ƙarshe a can. Yana cikin 'yan wasan da suka ci wa ƙungiyar kofin gasar Firimiya ta Najeriya har sau huɗu. Ya kuma wakilci Najeriya a gasar cin kofin zakarun nahiyoyi ta FIFA da aka yi a Brazil a 2013. Bayan ya bar Pillars ya buga wa Katsina United wasa, daga bisani ya yi ritaya ya koma aikin horarwa.

Suna

Ana samun sunansa a rubuce ta hanyoyi da dama. Jaridun Turanci sun fi rubuta Gambo Mohammed, wasu kuma su juya shi zuwa Muhammad Gambo, amma duk mutum ɗaya ake nufi. A al'adar Hausawa, Gambo suna ne da ake kiran yaron da aka haifa bayan tagwaye, ko da yake yanzu akwai masu ɗauke da shi don gado kawai. A bakin 'yan kallo a Kano, Gambo kaɗai ake cewa, ba a ƙara komai.

Zamansa a Kano Pillars

An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Lokacin da Gambo ya shigo ta, ƙungiyar ba ta taɓa cin gasar ƙasa ba. Kofin farko ya zo a kakar 2007/2008 ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana.

A shekara mai bi, 2009, Pillars ta yi abin da har yau ake ba da labarinsa. A gasar zakarun Afirka ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda ita ke riƙe da kofin a lokacin, bayan an tashi 1-1 a Najeriya da kuma 2-2 a Alƙahira. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta cire ta. Bayan nan ne ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, biyun farko ƙarƙashin Baba Ganaru, na ukun kuma ƙarƙashin Okey Emordi. A wannan zamanin Gambo da Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, su ne fuskokin ƙungiyar da kowa ya sani.

Abin da ya bambanta Gambo shi ne zama wuri ɗaya. A gasar Najeriya akasari kwantiragin ɗan wasa gajere ne, wanda ya yi fice kuma ba ya daɗewa. Ahmed Musa misali ne: ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a gasar, nan take ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Gambo kuwa ya ga zuwan masu horarwa da 'yan wasa da tafiyarsu yana nan.

Wasa wa ƙasa

Stephen Keshi, mai horar da Super Eagles, ya saba bai wa 'yan wasan cikin gida dama, kuma da irinsu Sunday Mba da Godfrey Oboabona ya ci kofin Afirka a farkon 2013. Da aka zo gasar zakarun nahiyoyi a watan Yunin shekarar, Emmanuel Emenike yana jinya, Gambo ya samu shiga cikin 'yan wasa 23 da aka tafi da su Brazil. Najeriya ta ci Tahiti 6-1, Uruguay ta ci ta 2-1.

A wasa na uku da Sifaniya a birnin Fortaleza, ranar 23 ga watan Yuni, an sako Gambo bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Ahmed Musa ya kawo masa ƙwallo a gaban raga ba kowa tare da shi, ya buga ta fita waje. Sifaniya ta ci wasan 3-0. Ga yawancin 'yan kallo a wajen Kano, wannan ƙwallon ce suka fi tuna shi da ita, ko da yake ba shi kaɗai ya ɓarar da dama a ranar ba, kuma ko da ta shiga da wuya ta hana Najeriya fita daga gasar. A Kano ba da wannan ƙwallon ake auna shi ba.

Harin 2015

A farkon watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a kusa da Abaji, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, lokacin da ƙungiyar ke tafiya Owerri don wasan buɗe kaka da Heartland. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, Gambo na cikin waɗanda harsashi ya samu. An ɗage wasan. Kwanaki kaɗan bayan haka Pillars ta je Maroko, Moghreb Tétouan ta ci ta 4-0, abin da ya yi sanadin fitarta daga gasar zakarun Afirka. A cikin wannan shekarar ne kuma Nasarawa United ta doke ta a Kano, ta kawo ƙarshen shekaru 12 da ta yi ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa. Gambo ya warke ya dawo fili, ya ci gaba da buga wa ƙungiyar wasa har wasu shekaru huɗu.

Shi da magoya baya

Kirarin Pillars shi ne "Sai Masu Gida". Wannan "sai" irin ta yabo ce da Bahaushe ke sawa gaban sunan gwani, kamar a dambe ko a siyasa, ma'ana babu kamar wane. "Masu gida" kuma tana da fuska biyu: waɗanda gidan yake nasu, da kuma waɗanda ke da iko a cikinsa. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin filayen da suka fi cika a gasar Najeriya. Masu cika shi talakawan gari ne, 'yan kasuwa da ɗalibai da direbobin Adaidaita Sahu da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. A wurin irin waɗannan 'yan kallo, ɗan wasan da aka haifa a garin, yake jin Hausa, ake haɗuwa da shi a unguwa, yana da matsayin da baƙon ɗan wasa ba ya samu komai iyawarsa. Gambo da Rabi'u Ali sun ci moriyar wannan.

Son da ake wa ƙungiyar yana da nasa illar. An sha cin Pillars tara ko a kore ta daga filinta saboda tarzomar 'yan kallo.

Barin Pillars da ritaya

A 2018 Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, ta fara cin Enugu Rangers 3-0, Rangers ta farke duka, sannan ta yi nasara a bugun fenariti. A watan Yulin 2019 Pillars ta ɗauki kofin a karon farko, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A wannan shekarar ce Gambo ya bar ƙungiyar ya koma Katsina United, jagorancin 'yan wasa kuma ya koma hannun Rabi'u Ali.

Komawa Katsina ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan wasan Pillars, domin akwai tsohuwar hamayya tsakanin magoya bayan ƙungiyoyin biyu. Zafinta ya fito fili a watan Afrilun 2022, lokacin da aka farfasa motar Katsina United a wani wasa a Kano, hukumar shirya gasar ta cire wa Pillars maki uku. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyoyin biyu duk suka faɗo daga gasar Firimiya, kafin su dawo tare a 2023. Kakar Gambo ta farko a Katsina ma ba ta kai ƙarshe ba, saboda an dakatar da gasar a watan Maris na 2020 sakamakon annobar korona.

Sauya sheƙar bai raba shi da Pillars ba. Bayan ya daina taka leda ya dawo ƙungiyar, ya shiga sahun masu horar da ita, kamar yadda Ahmed Garba Yaro Yaro, wani tsohon ɗan wasan gaba na Pillars, ya yi kafin shi.

Kofuna

Tare da Kano Pillars: gasar Firimiya ta Najeriya, 2008, 2012, 2013 da 2014.