Sunan Da Ya Ɓace A Rajista: Tunawa Da Kurtun Ƙauye Na Yaƙin Bama

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga barikokin sojan Nijeriya zai ci karo da wasu sunaye da ba su da asali a kowane harshe na ƙasar nan. Akwai Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Letmauk a Ibadan, sai kuma An da Arakan da Tamandu a Legas. In ban da Chindit, wadda laƙabin wata runduna ce, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, inda samarin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Wannan maƙala za ta dubi saurayin ƙauye da ya kwanta dama a can, da yadda aka yi wurin rasuwarsa ya samu shiga tarihi, alhali ƙauyen da ya haife shi bai samu ba.

2.0 Daga Gona Zuwa Fagen Daga

Turawa sun bi ta hannun sarakuna ne wajen neman mutane. Sarki ya umarci hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci, shi kuwa dagaci ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Ba a musun cewa wasu sun kai kansu don albashi ko sha'awar kaki, amma da yawa tura su aka yi.

A teburin magatakarda ne aka fara yi wa yaron asara. Bahaushen karkara na wancan zamani ba ya da sunan dangi irin na Bature, kuma kunya takan hana shi ambaton sunan mahaifinsa. Sai a tambaye shi inda ya fito, a liƙa masa Kano ko Sakkwato ko Bauci, wani lokaci ma sunan ƙabila kamar Zabarma, sannan a ba shi lamba. Ƙauyen da ke nesa da birni ya narke cikin sunan birnin. Wannan batu ne da ya kamata masu nazarin sunaye su tsaya a kansa, domin mutum ɗari suna iya amsa suna guda, ba mai bambanta su sai lambar.

An kafa Runduna ta 81 a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, bayan da sojojinta suka sare hanya cikin ƙungurmin daji da adda da gatari. Abincinsu daga jirgin sama ake jefo musu. Wani babban kaso nasu 'yan dako ne masu ɗaukar harsashi da kayan igwa a ka, kuma harbin abokan gaba bai tsallake su ba. Runduna ta 82 ta biyo baya a ƙarshen shekarar, aka kama Myohaung a Janairun 1945. Zazzaɓi da atuni su ma sun ɗauki nasu rabon.

3.0 Kabari Da Labari

Wanda ya faɗi a daji, 'yan'uwansa sukan binne shi a gurguje inda ƙasa ta yi taushi, sau da yawa ba wanka ba likkafani. Damina ɗaya ta Arakan ta isa ta shafe alamar. Bayan yaƙi an tattara ƙasusuwan da aka iya ganowa zuwa maƙabartu irin ta Taukkyan, arewa da birnin Rangun (Yangon a yau). A nan ne aka buɗe dutsen tunawa a 1958, ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Sunan da aka sassaƙa kuwa shi ne na rajista, ba wanda uwa ke kiran ɗanta da shi ba.

A gida, labarin rasuwa yakan sauko ta tsanin da aka hau aka ɗauke shi: daga Di'o zuwa hakimi, zuwa dagaci. Idan sunan ƙauye bai shiga takarda ba, saƙon yakan maƙale a hanya. Akwai gidajen da ba su tabbatar ba sai a 1946, da ragowar soja suka dawo, wani abokin tafiya ya zo ya durƙusa a zaure ya faɗa. A sannan ne za a yi sadaka, matarsa, in ya bar mata, ta san matsayinta bayan shekaru tana tsakanin aure da takaba.

Abin lura ga masana harshe shi ne, Hausa ita ce harshen bariki tun kafin yaƙin, kuma kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja da fareti sun zauna daram a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Aron ya rayu, an shigar da shi ƙamus.

Ranar tunawa da mazan jiya ma ta tashi daga 11 ga Nuwamba ta koma 15 ga Janairu, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Abokan yaron da suka san ainihin sunansa da na garinsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, akasarinsu ba tare da wani ya zauna da su da rakoda ba.