Tambayar "Wane Ne Ni?" a Ƙagaggun Labaran Italiya na Zamani

Tarihin wannan tambaya a adabin Italiya yakan faro ne daga Luigi Pirandello, ɗan tsibirin Sisili da aka haifa a 1867, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1934. Abin da ya shuka, na bayansa suka yi ta nomewa, shi ne cewa ragamar mutum ba a hannunsa take ba: suna da takardu da idon jama'a ne ke riƙe da ita. A littafinsa na 1904, Il fu Mattia Pascal, wato Marigayi Mattia Pascal, tauraron yana cikin jirgin ƙasa ya karanta a jarida cewa an tsinci gawa a garinsu, iyalinsa kuma sun shaida tasa ce. Ga kuɗin cacar Monte Carlo a aljihu, sai ya raɗa wa kansa suna Adriano Meis, ya tare a birnin Rum. 'Yancin bai je ko'ina ba ya zame masa sarƙa. Aka yi masa sata, ba halin kai ƙara. Ya kamu da son wata budurwa, ba takardar da za a ɗaura aure da ita. Da ya koma gida ya tarar matarsa ta auri amininsa, ya dawo yana ziyartar kabarin da ke ɗauke da sunansa. A littafinsa na 1926 ma, abin da ya birkita rayuwar tauraron, Vitangelo Moscarda, bai wuce matarsa ta ce hancinsa ya ɗan karkata dama ba.

Mai ja zai kawo Italo Svevo na Trieste, ya ce littafinsa na 1923, La coscienza di Zeno, cikin zuciya kaɗai yake nutso, babu ruwansa da idon kowa. Hujjar tana da ƙarfi, domin babu wanda ya tona yaudarar kai kamar Svevo, musamman a sigarin da Zeno ke ta rantsuwa shi ne na ƙarshe. Sai dai likitan ƙwaƙwalwa ne ya sa Zeno rubutun, Zeno na shirga masa ƙarya, likitan kuma ya wallafa shi don ramuwa. Ko a nan wani ne ke riƙe da labarin mutum.

Zaren bai tsinke ba. A L'amica geniale na Elena Ferrante, 2011, Lila ta ɓace bayan ta yanke fuskarta daga duk hotunan gida, ƙawarta Elena ta ƙi yarda, ta zauna ta rubuta rayuwar Lila cikin littattafai huɗu.