Taimakon Juna Tsakanin Masu Ciwon Suga: Abin da Zabarmari Za Ta Ɗauka Daga Masu Famfon Insulin

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu amfani da famfon insulin ke koyar da junansu, sannan ta auna abin da zai zauna daga wannan tsari a Zabarmari, cikin ƙaramar hukumar Jere ta jihar Borno. An yi bitar binciken da aka gudanar a Kamaru da Mali da Kenya da Sudan, aka gwama shi da yanayin garin. Matsayar maƙalar ita ce al'adar koyi da juna da ta taso a kewayen na'urar ta fi na'urar kanta amfani ga mutanen Zabarmari a yanzu.

Gabatarwa

Bitar da Uloko da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ta ƙiyasta cewa kashi 5.77 cikin ɗari na 'yan Nijeriya na da ciwon suga, a Arewa maso Gabas kuwa kashi 5.9. Wasu daga cikinsu, musamman waɗanda ciwon ya kama tun suna yara, ba su da rayuwa sai da insulin.

Famfon insulin 'yar na'ura ce da ake ratayawa a ƙugu, tana ɗiga maganin dare da rana ta wani siririn bututu da ke shiga ƙarƙashin fata. Pickup da Keen na asibitin Guy's a Landan suna cikin waɗanda suka fara gwada ta, sun kuma wallafa sakamakonsu a 1978. Ana sauya bututun duk bayan kwana 2 zuwa 3. Maganin da ke ciki mai saurin aiki ne kaɗai, don haka in bututun ya toshe, cikin 'yan awoyi suga zai haura, guba ta fara taruwa a jini. Wannan haɗari ne ya sa masu famfo a Amurka da Turai suka dogara da juna: wanda ya daɗe da na'urar ke gaya wa sabo inda za a soka bututu, da abin yi idan ta yi ƙara da tsakar dare.

Abin da bincike ya nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi taro kan taimakon juna tsakanin masu ciwon suga a Janeba a 2007. Shirin Peers for Progress ya kasa aikin abokin jinya, wato mai ciwon da ke taimaka wa ɗan'uwansa, gida huɗu: taimako kan kula da kai na yau da kullum, kwantar da hankali, sada mutum da asibiti, da kasancewa kusa a kowane lokaci. A Yawunde, Assah da abokansa sun ruwaito a 2015 cewa bayan wata 6 gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kusan wata 3, ya sauka da maki 3.0 ga waɗanda ke da abokan jinya, ga sauran kuma da 1.3. A Bamako, binciken Debussche na 2018 ya samu saukar 1.05 a kan 0.15 bayan shekara guda. Duka biyun a kan manya masu nau'i na biyu na ciwon aka yi su, kuma a manyan birane, saboda haka sai da taka tsantsan za a ɗora su a kan ƙauye.

Zabarmari

Garin manoman shinkafa ne, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri. A ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka kashe manomansa a gonakin Kwashebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Daga Janairun 2021 Maiduguri ta yi watanni ba lantarki bayan an fasa turakun layin Damaturu. A 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Na'urar da ke buƙatar batir da bututu daga ƙasar waje duk bayan kwana 3 ba za ta jure irin wannan yankewa ba, balle ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, ga maganin kuma manne da jiki a cikin gona.

Mai allura da sirinji yana da nasa tambayoyin, kuma a nan ne ilimin abokin jinya ya fi tasiri. Ta farko ita ce ajiya. Ƙa'ida ta ce kwalbar insulin da ba a buɗe ba ta zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8. Amma binciken Jami'ar Janeba da ƙungiyar MSF na 2021, wanda ya kwaikwayi zafin sansanin Dagahaley na Kenya mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, ya nuna insulin bai rasa ƙarfinsa ba har sati 4. Ogle da abokansa sun gwada tukwanen ƙasa a Sudan, suka tabbatar a 2016 cewa suna rage zafi ƙwarai. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex a 2000 da dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Likita zai iya faɗin wannan cikin minti ɗaya. Wadda za ta shiga ɗaki ta ga ko yashin ya bushe, ko an ajiye randar inda iska ke kaɗawa, sai maƙwabciya.

Ta biyu ita ce faɗuwar suga lokacin yankan shinkafa. Aikin ƙarfi na ƙona suga. Wanda ya yi allura da asuba ya fita bai karya ba zai iya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa, nesa da gari. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya fi kowa gane alamunsa a fuskar wani, kuma shi ne zai tuna ya sa dabino ko sukari a aljihu. Haka lamarin yake da azumi: jagorar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya da haɗin gwiwar DAR mai kula da ciwon suga da Ramadan ta 2021 ta ce a karya azumi idan suga ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Mutum ya fi karɓar wannan daga bakin ɗan'uwansa mai irin ciwonsa, musamman in malamin unguwa ya mara baya.

Iyaka da shawara

Akwai haɗarin da ba zan sassauta a kansa ba. Abokin jinya ba shi da hurumin ƙara ko rage yawan allurar wani, ko ba da shawarar barin insulin a koma jiƙo. Aikin ma'aikacin lafiya ne wannan.

Ana ba da shawarar kafa ƙananan ƙungiyoyi, na maza daban na mata daban, a jingina su da abin da ake da shi kamar adashi da majalisa. Kowace ta samu jagora da aka horar, da lambar wayar ma'aikacin lafiya guda, da asusun sayen tsinken gwaji da kuɗin mota zuwa Maiduguri. A auna HbA1c a farko da bayan wata 6, a kuma rubuta duk faɗuwar suga da ta auku a gona. Ya kamata a fara gwada wannan tsari kafin kaka, domin watannin girbi su shiga cikin lissafi.