DASHEN SASSAN JIKI: HAƊARIN ƊAUKAR CUTA DA MUHIMMANCIN BAYAR DA ƘODA

Gabatarwa

Ciwon ƙoda yana daga cikin cututtukan da ke durƙusar da iyalai a Jihar Kaduna, birni da ƙauye. Idan ƙodojin mutum biyu suka daina aiki, hanyoyi biyu ne suka rage masa: ko wankin ƙoda har iyakar rayuwarsa, ko kuma dashe. A irin wannan hali ne likita kan nemi 'yan'uwan majiyyaci su fitar da wanda zai ba shi ƙoda ɗaya, a nan kuma tambayoyi ke tasowa: shin wanda aka yi wa dashe zai iya ɗaukar cutar wanda ya ba shi, kuma shin mai bayarwar zai ci gaba da noma da sauran harkokinsa? An shirya wannan bayani ne domin jama'ar Damari da ke mazaɓar Kazage, da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tare da hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ma'aikatan lafiya waɗanda jama'a ke tunkara da irin waɗannan tambayoyi.

Taƙaitaccen Tarihi

Dashe shi ne a ciro wani sashe na jikin mutum, kamar ƙoda, hanta, zuciya, huhu, ɓargo ko tantanin gaban ido, a sanya wa wani wanda nasa ya lalace. An yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a ranar 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na Amurka, inda Dakta Joseph Murray ya dasa wa wani matashi ƙodar ɗan'uwansa da aka haife su tagwaye. A ranar 3 ga Disamba, 1967, Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Afirka ta Kudu.

A Nijeriya, asibitin St. Nicholas da ke Legas ne ya fara dashen ƙoda a shekarar 2000. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko ga mai cutar sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Kusan dukkan ƙodojin da ake dasawa a ƙasar nan daga rayayyun mutane suke fitowa, galibi 'yan'uwa na jini, saboda tsarin ɗaukar sassan jikin mamaci bai kafu ba.

Yadda Cuta Ke Bin Sashen Jiki

Ƙoda ko hanta nama ne mai rai, kuma duk ƙwayar cutar da ke cikin jinin mai ita ko ta kwanta a cikinta tana iya bin ta zuwa sabon jiki. Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne, jikin ɗan Adam yana yaƙar duk baƙon abin da ya shige shi, don haka dole a riƙa ba wanda aka yi wa dashe magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki a kullum, don kada jikinsa ya ƙi sabuwar ƙodar. Sakamakon haka, cutar da lafiyayyen mutum ke ɗauke da ita shekara da shekaru ba tare da ta dame shi ba, tana iya kwantar da wanda aka dasa wa cikin 'yan makonni.

Likitoci sun kasa wannan haɗari gida biyu. Na farko shi ne wanda aka sani tun kafin aiki, kamar ƙwayar da ake kira CMV wadda mafi yawan manya ke ɗauke da ita. A nan ana ba majiyyaci maganin kariya tun daga farko. Na biyu shi ne wanda ba a zata ba, wato cutar da ta ɓuya wa gwaji, ko aka yi kuskure wajen karanta sakamakonta, ko kuma mai bayarwa ya ɓoye ta. A Amurka, inda ake bin diddigin kowane dashe, irin wannan na biyu bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Wani abin lura shi ne, akwai tazara tsakanin ranar da cuta ta shiga jiki da ranar da gwaji zai iya gano ta. Gwajin ƙanjamau na gargajiya yakan ɗauki kimanin mako uku ko fiye kafin ya nuna, na ciwon hanta nau'in C kuwa yakan kai mako goma. Gwajin zamani da ke neman ita kanta ƙwayar cutar a cikin jini ya rage wannan tazara zuwa mako ɗaya ko biyu, amma bai kawar da ita gaba ɗaya ba.

Darussa Daga Wasu Ƙasashe

A shekarar 2004, a Jihar Texas ta Amurka, mutane huɗu suka rasu da ciwon haukan kare bayan an dasa musu ƙodoji biyu, hanta da jijiyar jini na mamaci ɗaya. An ɗauka zubar jini a ƙwaƙwalwa ce ta kashe shi, sai daga baya aka ji cewa jemage ya taɓa cizonsa. A 2007, a birnin Chicago, mutane huɗu suka kamu da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C daga mamacin da gwajinsa bai nuna komai ba, domin bai daɗe da kamuwa ba. A 2011, a Taiwan, an dasa wa mutane biyar sassan jikin mai ƙanjamau saboda an yi kuskuren jin sakamakon gwaji ta wayar tarho. A 2024 kuma, a Jihar Rio de Janeiro ta Barazil, mutane shida suka kamu da ƙanjamau sakamakon takardun gwaji marasa inganci daga wani ɗakin gwaje-gwaje.

Idan aka duba waɗannan misalai za a ga cewa dukkansu daga mamata ne, inda ake aiki cikin gaggawa kuma ba a iya tambayar mai gaɓar komai. Dashe daga rayayye ya bambanta, domin akwai makonni na yin gwaji da maimaita shi, kuma mai bayarwa yana nan zai amsa tambaya da bakinsa. Saboda haka a irin dashen da ake yi a ƙasar nan, babban makamin kariya shi ne gaskiyar mai bayarwa da ingancin asibiti.

Cututtukan da Suka Fi Shafar Yankinmu

1. Ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya suna ɗauke da shi, nau'in C kuma kimanin kashi 1. Da yawa ba su sani ba. Yana yaɗuwa daga uwa zuwa jariri, ta hanyar saduwa, da kuma askar wanzami da ba a tsabtace ba wajen ƙaho, kaciya, sakiya ko cire belu.

2. Ƙanjamau. Wannan bincike ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49.

3. Zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya girma a karkara yana iya ɗauke da ƙwayoyinsa a jini ba tare da zazzaɓi ba, don haka ake gwada shi a kuma ba shi magani kafin aiki.

4. Tarin fuka. Yakan kwanta a jiki shekaru, ya farka idan garkuwa ta yi rauni.

5. Tsargiya. Masu noman fadama, masunta da waɗanda suka yi wanka a rafi tun suna yara su sanar da likita idan sun taɓa fitsarin jini, domin cutar tana taɓa mafitsara da hanyoyin fitsari.

6. Ciwon haukan kare. Mafarauta, makiyaya da mazauna gefen dajin Kamuku su ambaci duk cizo ko yaƙushin kare, jemage ko naman daji, ko da ya warke. Wannan cuta ba ta da magani idan alamunta suka bayyana.

7. Ciwon daji. Wasu nau'o'insa suna bin gaɓa, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙoda da ƙirji.

Haka kuma, masu haƙar zinariya su faɗi sana'arsu, domin dalma da sinadarin makuri da ake wanke zinariya da shi suna lalata ƙoda a hankali.

Matakan Bincike Kafin Dashe

Ana fara da tambayoyi kan tarihin lafiyar mai bayarwa, sana'arsa, tafiye-tafiyensa, ƙarin jinin da aka taɓa yi masa da magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Daga nan a duba rukunin jininsa da dacewar jikinsa da na majiyyaci, a auna hawan jini da suga, a gwada fitsari da ƙarfin ƙodojinsa biyu, a yi gwajin ƙanjamau, ciwon hanta, tunjere da tarin fuka, sannan a maimaita muhimman gwaje-gwajen dab da ranar aiki. Sakamakon gwaji sirri ne tsakaninsa da likita. Idan aka ga bai dace ba, ana iya sanar da iyali hakan kawai ba tare da bayyana dalili ba, kuma yana da ikon janyewa a kowane lokaci kafin a shiga ɗakin tiyata.

Samun wata cuta ba kullum ne yake rufe ƙofa ba. Tun daga 2008 likitocin Cape Town suke dasa wa masu ƙanjamau ƙodojin mamatan da ke da ƙanjamau, kuma tun daga 2014 aka sami ƙwayoyin da ke warkar da ciwon hanta nau'in C cikin mako takwas zuwa goma sha biyu. Hukuncin wanda ya dace da wanda bai dace ba na likita ne.

Dalilan Bayar da Ƙoda

Mai wankin ƙoda yana buƙatar zama a kan na'ura kimanin awa huɗu, sau uku a mako. Ga mutumin Damari, wannan na nufin barin gona da iyali a koma kusa da Kaduna, Zariya ko Kano, ga kuɗin wanki, ga na mota, ga na masauki. Iyalai da dama sun sayar da shanu da gonaki, daga bisani wankin ya koma sau ɗaya a mako, har ya tsaya. Shi kansa wankin yana da nasa haɗarin kamuwa da ciwon hanta da cututtukan jini. Wanda aka yi wa dashe kuwa, muddin yana shan magungunansa, yakan fi mai wanki tsawon rai da ƙarfin jiki, kuma ƙodar rayayye ta fi ta mamaci daɗewa tana aiki.

Ta ɓangaren mai bayarwa, ƙoda ɗaya lafiyayya ta isa mutum, domin wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki mafi yawan aikin. Aikin tiyata ne babba, kuma ƙididdigar Amurka ta nuna cewa masu rasa ransu ta dalilinsa ba su wuce uku cikin dubu goma ba. Yawanci akan koma aiki bayan mako huɗu zuwa shida, aikin ƙarfi kuma sai likita ya ba da izini. Wajibi ne mai bayarwa ya riƙa auna hawan jini da gwajin ƙoda duk shekara, ya kuma guji shan magungunan kashe ciwo barkatai. Mace na iya haihuwa bayan ta bayar, sai dai ana ƙara sa mata ido lokacin goyon ciki.

Matsayin Doka da Addini

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi cewa ba a cire sashen jikin rayayye don dashe sai da yardarsa bayan an yi masa cikakken bayani, ba a cire ƙodar wanda bai kai shekara 18 ba, ba a yin aikin sai a asibitin da aka ba izini, kuma saye da sayar da sassan jiki laifi ne. A watan Maris na 2025, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin gudanar da dashe a faɗin ƙasa. Haka nan a watan Mayu na 2023, wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, ɗaurin shekara tara da wata takwas bisa kai wani matashi Ingila domin a ciri ƙodarsa.

Cinikin ƙoda shi ne babbar ƙofar da cuta ke shigowa, domin wanda ke jiran kuɗi ba zai faɗi ciwonsa ba, dillali kuma ba ya son gwajin da zai ɓata masa ciniki. A ƙarshe mai saye ya kwaso cuta, mai sayarwa ya koma gida da rauni babu mai kula da shi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Fabrairu na 1988, ta halatta dashe bisa sharaɗin yardar mai bayarwa, da kasancewar amfanin ya rinjayi cutarwa, ta kuma haramta sayar da sassan jiki. Manyan majami'un Kirista ma suna ɗaukar bayarwar kyauta a matsayin aikin jinƙai.

Aikin Shugabanni da Ma'aikatan Lafiya

Shekarun rashin tsaro sun hana jama'ar gabashin Birnin Gwari da dama zuwa asibiti, wasu kuma sun rasa dukiyarsu, abin da ke sa matasa saurin faɗawa hannun 'yan damfara. Don haka ana buƙatar shugabanni su kula da waɗannan abubuwa:

1. Ƙarfafa jama'a su auna hawan jini da suga, domin su ne kan gaba wajen kashe ƙoda.

2. Tura duk mai kumburin fuska da ƙafafu ko ƙarancin fitsari zuwa Babban Asibitin Jibril Maigwari da ke Birnin Gwari, daga nan a tura shi Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

3. Tabbatar da cewa jarirai sun sami rigakafin ciwon hanta nau'in B tun ranar haihuwa, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati.

4. Hana matsa wa wani ɗan gida, musamman mata da ƙanne, ya bayar ba da son ransa ba.

5. Kai rahoton duk wanda ke yi wa matasa tayin kuɗi ko aiki a ƙasar waje a madadin ƙoda ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

Kammalawa

Haɗarin ɗaukar cuta ta hanyar dashe gaskiya ne, amma ƙanƙani ne idan aka gwada shi da halin wanda ƙodojinsa suka mutu kuma kuɗin wanki ya ƙare. Duk wanda likita ya nemi iyalinsa su fitar da mai bayarwa, su je asibitin da doka ta amince da shi, su yi dukkan gwaje-gwajen, su kuma faɗa wa likita gaskiya ko da mai nauyi ce. Domin ƙarin bayani, a tuntuɓi jami'in cibiyar lafiya matakin farko mafi kusa, ko Sashen Lafiya na Sakatariyar Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari.