Mujallar F&SF: Labaran Al'ajabi da Alƙalan da Suka Auna Su

The Magazine of Fantasy and Science Fiction, wadda masu karatunta ke taƙaita wa suna F&SF, mujalla ce ta ƙasar Amurka mai buga gajerun ƙagaggun labarai iri biyu. Akwai na al'ajabi, wato na matsafa da fatalwa da dodanni da duniyoyin da babu su sai a zuciyar marubuci, akwai kuma na kimiyya, irin na tafiya sararin samaniya da hasashen abin da gobe za ta haifar. Ta fara fitowa a ƙarshen 1949, kuma tana cikin 'yan tsirarun mujallun wannan fage da suka ga ƙarni na 21 da ransu. An fi tuna ta da labaran da ta buga. Amma tun farkon rayuwarta ta ware shafuka don sharhin littattafai, kuma a waɗannan shafuka ne aka koya wa masu karatu cewa labarin aljanu ma yana da mai kyau da maras kyau, ana kuma iya faɗin dalili.

Abin da ta tarar

Kafin ita, mujallar Weird Tales ce ke jan ragamar labaran al'ajabi a harshen Ingilishi. J. C. Henneberger ne ya kafa ta a Shikago, fitowarta ta farko kuma ta watan Maris ce ta 1923. Ana buga ta a kan takarda mai arha wadda ke saurin yin ja, bangonta cike da zane mai ɗaukar ido, sau da yawa na mace cikin tsaka mai wuya. A ƙarƙashin edita Farnsworth Wright, wanda ya riƙe ta daga 1924 zuwa 1940, ta buga ayyukan H. P. Lovecraft da Clark Ashton Smith da C. L. Moore, da Robert E. Howard wanda jaruminsa Conan ya fara bayyana a cikinta a watan Disambar 1932. Har Tennessee Williams, wanda daga baya ya shahara da wasan kwaikwayo, ya sayar mata da labari yana matashi a 1928. Kuɗin da take biya kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da wuri.

Hukunci a Weird Tales yawanci daga hannun masu karatu yake fitowa. Tana da filin wasiƙu mai suna The Eyrie, inda ake zaɓen labarin da ya fi daɗi a fitowar da ta wuce, a yabi wani marubuci, a yi wa wani ca. Fili ne mai armashi, sai dai ba kasafai yake wuce "na ji daɗi" ko "ban ji daɗi ba".

A 1939 John W. Campbell ya fito da Unknown, wadda ta kawo sabon salo: sihiri mai bin ƙa'ida, da barkwanci, da aljanin da zai iya ɓullo wa mutum a tsakiyar birni yana hanyar zuwa ofis. Ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe ta a 1943, bayan fitowa 39 kacal. Weird Tales kuwa ta lallaɓa har zuwa Satumbar 1954, ta tsaya a fitowa ta 279, ko da yake an sha farfaɗo da sunanta daga baya.

Kafuwa

Anthony Boucher da J. Francis McComas, abokai biyu mazauna Kalifoniya, sun shafe shekaru suna lallashin Lawrence Spivak na kamfanin Mercury Press ya yarda da shirinsu. Spivak yana da mujallar labaran binciken laifi, Ellery Queen's Mystery Magazine, wadda ta nuna cewa ana iya sayar da adabin nishaɗi cikin shiga ta mutunci. Abin da suke so ke nan a yi wa labaran al'ajabi. An ƙaddamar da mujallar a watan Oktoban 1949 a otal ɗin Waldorf-Astoria na New York, aka haɗa bikin da cikar Edgar Allan Poe shekara 100 da rasuwa. Sunanta a lokacin The Magazine of Fantasy, farashinta senti 35. Daga fitowa ta biyu aka ƙara mata labaran kimiyya a suna, don kasuwarsu ta fi ci.

Siffarta kanta sanarwa ce. Ƙarama ce, tana shiga aljihun kwat. Rubutun yana tafiya a layi ɗaya daga gefe zuwa gefe kamar na littafi, babu zane a tsakiyar labari, kuma babu filin wasiƙu. A maimakonsa editocin kan rubuta ɗan gabatarwa a kan kowane labari, su faɗi ko wane ne marubucin da abin da ya sa suka ɗauki aikinsa, sannan su ware fili mai suna Recommended Reading don sababbin littattafai.

Lokacin ma ya taimaka. Kafin yaƙi, littattafan wannan fage masu kauri ba su da yawa. Labari yakan fito a mujalla, wata ya wuce, a manta da shi. A 1939 August Derleth da Donald Wandrei suka kafa maɗaba'ar Arkham House don tattara ayyukan Lovecraft, bayan yaƙi kuma ƙananan maɗaba'u irin su Gnome Press suka biyo baya, sai manyan kamfanoni kamar Doubleday da Ballantine suka shigo a farkon shekarun 1950. Nan da nan mai karatu ya wayi gari da littattafai fiye da abin da aljihunsa zai ɗauka, yana neman wanda zai ce masa ga wanda ya cancanci kuɗinsa.

Boucher ya dace da aikin. Sunansa na yanka William Anthony Parker White, mutum ne mai harsuna da yawa; shi ne ya fassara wani labarin Jorge Luis Borges na Ajantina zuwa Ingilishi a 1948, lokacin da Amurkawa kaɗan ne suka san sunan. Ya kuma yi wa jaridar New York Times sharhin littattafan binciken laifi daga 1951 har rasuwarsa a 1968. Sharhinsa gajere ne, mai ladabi, amma ba ya rufa-rufa. Da kundi na biyu na The Lord of the Rings na Tolkien ya fito a tsakiyar shekarun 1950, ya yaba masa ƙwarai, ya kuma ce akwai wuraren da suke gwada haƙurin mai karatu, waɗanda da an datse su ba abin da za a rasa.

Labaran

Jerin abin da ta buga yana da tsawo, kaɗan daga ciki sun isa misali. A 1950 ta buga labarin farko na Richard Matheson. A 1955 ta buga kashin farko na A Canticle for Leibowitz na Walter M. Miller, a watan Afrilun 1959 kuma Flowers for Algernon na Daniel Keyes, labarin wani mai raunin ƙwaƙwalwa da aka yi wa tiyata ya zama haziƙi, sannan basirar ta riƙa zamewa yana gani. Shirley Jackson da Kurt Vonnegut da Roger Zelazny duk sun fito a cikinta. A ɓangaren al'ajabi zalla akwai labaran Manly Wade Wellman na wani mawaƙi mai yawo da jita a tsaunukan Apalashiya yana karo da miyagun abubuwa, da na Fritz Leiber na 'yan takobi biyu, Fafhrd da Gray Mouser. Stephen King ya fara sakin The Gunslinger a nan a Oktoban 1978. Tsakanin 1958 da 1972 ta ci lambar yabo ta Hugo ta mujalla mafi kyau har sau takwas, kuma tun 1953 Faransa ta samu 'yar'uwarta mai suna Fiction, wadda ta daɗe tana fassara labaranta.

Masu sharhi da rigimarsu

Bayan Boucher ya ajiye aikin edita a 1958, filin littattafai ya koma hannun Damon Knight, kuma a nan ne wuta ta fara tashi. Knight ya riga ya yi suna: a 1956 an ba shi Hugo a matsayin mai sharhi, a shekarar kuma ya tattara rubuce-rubucensa a littafi. Aƙidarsa ita ce a auna waɗannan labarai da ma'aunin da ake auna kowane adabi, a duba ginin jimla, a duba ko mutanen cikin labarin suna yin abin da mai hankali zai yi, a duba ko marubucin ya san kimiyyar da yake taƙama da ita. A 1960 ya rubuta sharhi mai zafi a kan wani littafin Judith Merril, mujallar ta ƙi bugawa yadda ya rubuta, shi kuma ya ajiye alƙalamin sharhi. Wannan matsala ba ta taɓa barin irin waɗannan mujallu ba, domin fagen ƙarami ne. Wanda aka caccaki littafinsa a shafi na 90 yana iya zama shi ne mai labarin da ke shafi na 5, ko abokin edita, ko wanda za a haɗu da shi a taro wata mai zuwa.

Abin dariya, Merril ɗin ce ta karɓi filin a 1965, bayan Alfred Bester da Avram Davidson sun yi nasu zamanin. Ta yi amfani da shi wajen tallata sabon salon da ke tasowa a Ingila a mujallar New Worlds, inda J. G. Ballard da sa'o'insa suke wasa da tsarin labari, abin da bai yi wa tsofaffin masu karatu daɗi ba.

Wadda ta fi kowa barin tabo ita ce Joanna Russ, malamar jami'a kuma marubuciya, wadda ta riƙa yin sharhi jefi-jefi daga 1966 zuwa 1980. Tana da kaifin harshe da barkwanci, kuma ita ce ta dage da tambayar da ba a saba yi ba: ina mata a cikin waɗannan duniyoyi, me ya sa marubuci zai iya ƙirƙiro taurari dubu amma ya kasa ƙirƙiro mace ɗaya mai tunanin kanta? A 1979, daidai lokacin da kamfanoni suka gano cewa kwaikwayon Tolkien yana kawo kuɗi, ta yi kaca-kaca da littattafan jarumai da takubba da ke ta kwarara kasuwa. Masu karatu suka yi mata ruwan wasiƙu, ita kuma ta mayar da martani da dogon rubutu tana kare aikin mai sharhi. Ko mutum bai yarda da hukuncinta ba, da wuya a sami wani a tarihin mujallar da ya fi ta iya kafa hujja a shafi biyu.

Algis Budrys ya fi kowa daɗewa a wancan zamani, daga 1975 zuwa 1993. Shi sau da yawa littafin da ke gabansa dalili ne kawai na shiga wata magana: yadda ake raba littattafai a kasuwa, yadda edita ke yanka labari don ya shiga shafi, yadda marubuci ke cin abinci. Orson Scott Card ya buɗe fili na biyu, Books to Look For, a 1987, Charles de Lint ya gaje shi a 1994. De Lint ya ɗauki hanya mafi sauƙi, yakan kawo littattafan da suka burge shi ya bar sauran. Hakan yana da amfani ga mai saye, amma ba ya tayar da ƙurar da Knight da Russ suka tayar.

Ba littattafai kaɗai ba. Charles Beaumont ya yi sharhin finafinai a shekarun 1950, Baird Searles da Harlan Ellison suka biyo baya. Gahan Wilson ya shafe shekaru yana zanen barkwanci mai ban tsoro. Sai kuma Isaac Asimov, wanda ya fara rubuta maƙalar kimiyya a Nuwambar 1958 bai taɓa fashin fitowa ko ɗaya ba har Fabrairun 1992, maƙala 399. A shafin ƙarshe kuma, tun ƙarshen shekarun 1990, akwai ɗan fili mai suna Curiosities inda ake tono wani tsohon littafi da aka manta a yi masa sharhi.

Kishiyoyi da zamanin baya

Wasu sun gwada wannan haɗi na labari da sharhi. Fantastic, wadda ta rayu daga 1952 zuwa 1980, ta buga Ursula K. Le Guin tun tana sabuwa a 1962, Fritz Leiber kuma ya yi mata sharhin littattafai. Realms of Fantasy ta Shawna McCarthy ta fito a 1994 da takarda mai ƙyalli da zane mai launi, da filin Terri Windling a kan tatsuniyoyin al'ummu, ta rufe a 2011. Da intanet ya yaɗu sai sababbin mujallu suka koma can, irin su Strange Horizons da aka kafa a 2000, wadda ta ba sharhi muhimmanci sosai. A Najeriya, Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu sun kafa Omenana a 2014 don marubutan Afirka, tana haɗa labarai da maƙaloli.

Ita F&SF ta daɗe a hannun iyalin Ferman: Joseph Ferman ya saye ta a 1954, ɗansa Edward ya yi edita daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa 1991. Kristine Kathryn Rusch ta gaje shi, sai Gordon Van Gelder a 1997, wanda daga baya ya sayi mujallar baki ɗaya. Masu saye sun riƙa raguwa, kuɗin bugu da na gidan waya suna hawa, a 2009 aka mayar da ita sau ɗaya a wata biyu. Duk da haka a 2011 ta buga The Paper Menagerie na Ken Liu, wanda ya haɗa lambobin Hugo da Nebula da World Fantasy. C. C. Finlay ya riƙe ta daga 2015, a 2021 kuma Sheree Renée Thomas ta zama edita, baƙar fata ta farko a kujerar. Ita ce ta shirya kundin Dark Matter a 2000, kuma tare da Oghenechovwe Donald Ekpeki ɗan Najeriya da Zelda Knight ta shirya Africa Risen a 2022. A farkon 2025 wani kamfani mai suna Must Read Magazines ya sayi F&SF tare da mujallun Analog da Asimov's Science Fiction.