Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi a Kasuwar Kwamfuta

Lokacin da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil a 2001, wadda yau ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, an riga an ci rabin yaƙin da ya kawo mana kwamfutocin da ɗalibanta ke dannawa. Mu ganima muka tarar.

A 1964 IBM ya fito da System/360, ƙatuwar kwamfuta mai cinye ɗaki guda, wadda sai gwamnati, banki ko babbar jami'a ke iya ɗaukar nauyinta. Mai aiki ya kai katunansa masu huji, ya koma ya jira, tamkar mai layi a injin niƙa. A 1971 kuma Intel ya ƙera 4004, 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwa, don kalkuleta. Wa zai kula ta? Amma a 1981 IBM da hannunsa ya sa wata ƙwaƙwalwar Intel, 8088, cikin kwamfutar tebur, wasu kamfanoni suka kwaikwaya, farashi ya yi ta sauka.

Yawa ne ya juya kasuwar. Mai sayar da miliyoyi yana rarraba kuɗin bincike a kan kowace ƙwaya, ya sake zuba riba a sabon ƙira. Mai sayar da ɗaruruwa ba shi da wannan damar. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker na NASA suka haɗa kwamfutoci 16 na gama-gari suka yi aiki kamar guda, suka sa mata suna Beowulf. Google ma a kan tarin injuna masu arha ya ginu: in ɗaya ta mutu, saura su ci gaba. Masu ƙera manyan sabobi suka ji jiki. Compaq ya saye DEC a 1998, Oracle ya haɗiye Sun a 2010.

Sai dai masu saurin jana'iza sun ji kunya. A 1991 ɗan jarida Stewart Alsop ya ce za a kashe ƙatuwar kwamfuta ta ƙarshe a Maris ɗin 1996. Ga shi a 2022 IBM ya fitar da z16. Manyan bankunan duniya ba sa caca da manhajar da ta shekara arba'in tana riƙe musu lissafi daidai, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Yanzu Intel ɗin ne ke waiwaye. Ƙirar ARM, wadda ke cikin wayar dillalin shanu a karar Wudil ranar Juma'a, ita ce ta ɗora Fugaku ta Japan kan gaba a sauri a duniya a 2020.