Magajin Keffi Ɗan Yamusa da Yaƙin Bebeji (1902–1903)

A cikin mazajen da sunansu ya shiga tarihin ƙasar Kano, akwai Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Ba Bakano ba ne, amma mafakar da Kano ta ba shi tana cikin dalilan da suka kawo rundunar Turawa ƙofar Bebeji a shekarar 1903.

Matsayinsa

Keffi, wadda a yau take cikin Jihar Nasarawa, gari ne na iyakar kudu a ƙarƙashin masarautar Zazzau. Magaji shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin, kuma a zamanin Ɗan Yamusa ƙarfin Magaji ya rinjayi na Sarkin Keffi kansa. Mayaƙi ne da ya shahara da kai hari kan ƙabilun da ke kewaye, yana kamo bayi. Da Turawan Ingila suka kafa mulki a Arewa a 1900, suka nemi ya daina, ya kuma miƙa wuya, sai ya ƙi.

Kisan Kyaftin Maloni

Ranar 3 ga Oktoba, 1902, Razdan na yankin, Kyaftin Maloni, ya je ƙofar fadar Keffi ya aika a kira Magaji. Zaman bai ƙare lafiya ba, domin nan take Ɗan Yamusa ya kashe Baturen. Daga nan ya hau doki da jama'arsa ya nufo arewa har Kano, inda Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya ɗauki wannan karɓa a matsayin hujjar yaƙi.

Yaƙin Bebeji

Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Molan ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Bebeji, mai ganuwa, tana kan hanyarsu. Mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa, Turawa suka harba igwa, Sarkin Bebeji ya rasu a wurin tare da wasu mutanensa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannun Turawa, alhali Sarki Alu yana kan tafiyar da ya yi zuwa Sakkwato.

Ƙarshensa

Bayan an ci Sakkwato a watan Maris, Ɗan Yamusa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya cikin hijira zuwa gabas. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, su biyun suka kwanta dama a yaƙin 27 ga Yuli, 1903.

Abin da ya bari

Ra'ayin jama'a a kansa ya rabu biyu. Wasu na tuna shi a matsayin gwarzon da ya ƙi sunkuyar da kai ga baƙon mulki. Zuriyar waɗanda aka kai wa hari kuwa suna da nasu labarin, kuma adalci ne mu saurare shi. A Keffi har yau akwai dutse mai ɗauke da sunan Maloni. Mu a nan Kano, idan muka ambaci Ɗan Yamusa, wajibi ne mu ambaci Sarkin Bebeji da mutanensa, waɗanda suka fara biyan kuɗin wannan mafaka da rayukansu. Allah ya jiƙan magabata.